Ƙaro, sabulu da lemon kwalba: yadda ake sasanta mai da ruwa, da abin da "mai kare muhalli" yake nufi

A watan Yulin 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta soke izinin sa wani mai da ake kira BVO a abin sha, ta ba kamfanoni shekara guda su sauya haɗinsu. Wata uku kafin nan, wasu masu bincike a Faransa sun fitar da sakamakon da ya nuna alaƙa tsakanin ciwon suga da wasu sinadaran da ake sa wa abincin kanti, kuma har da ƙaro a cikin jerin. Ana cikin haka, yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya hargitsa kasuwar ƙaro ta duniya. Mai jin waɗannan labarai daban-daban zai ɗauka babu abin da ya haɗa su. Tushensu ɗaya ne: mai da ruwa ba sa zama wuri guda, kuma masana'antun abin sha, da na man shafawa, da fenti, da maganin feshi, duk sun dogara ne da abin da zai tilasta musu zaman. Muhawarar yanzu ita ce wane abu za a yi wannan aiki da shi ba tare da an cuci kogi, ko daji, ko cikin ɗan Adam ba.

Abin da ke faruwa a cikin kwalba

Ƙwayoyin ruwa suna jan junansu da ƙarfi, domin kowace tana da gefe biyu masu cajin lantarki daban. Ƙwayoyin mai ba su da wannan caji, saboda haka ruwa yakan ture su gefe ya ci gaba da riƙe ɗan'uwansa. In aka girgiza su tare, man zai farfashe ya zama ɗigo-ɗigo a cikin ruwan. Wannan gauraye shi ne masana ke kira imalshan. Da an ajiye kwalbar, ɗigogin za su fara neman juna.

Mun san wannan a gida tun kafin a ba shi suna. Madara ɗigogin kitse ce da ke yawo a cikin ruwa, kowane ɗigo da siririyar rigar da ke hana shi manne wa na kusa da shi. Bafulatanar da ke kaɗa nono yaga wannan riga take yi, har kitsen ya dunƙule ya zama man shanu, wanda shi kuma akasin madara ne: ɗigogin ruwa a cikin kitse. Mai yin ƙuli-ƙuli da ke yayyafa ruwan zafi a markaɗen gyaɗa tana tuƙawa har mai ya tsatso, ita ma rabawar take nema. Kamfani kuwa akasin haka yake so. Yana so kwalbar lemo ta yi wata shida a shago, a zafin Afrilu, ba tare da zoben mai ya fito a wuyanta ba.

Gaurayen yakan lalace ta hanyoyi da dama. Ɗigogin kan taso sama saboda sun fi ruwa rashin nauyi, ko su taru curi-curi, ko biyu su fashe su zama ɗaya, ko ƙananan su riƙa zagwanyewa suna komawa cikin manya. Akwai ƙa'idar lissafi da ke bayyana tasowar: in aka rage faɗin ɗigo da rabi, saurin tasowarsa zai ragu sau huɗu. Shi ya sa madarar kwali ba ta yin kitse a sama. Ana matsa ta da ƙarfi ta wata 'yar ƙofa har kitsen ya zama mitsi-mitsi, dabarar da wani Bafaranshe, Auguste Gaulin, ya yi wa rajista a 1899. Amma ƙanƙanta ɗigo kaɗai ba ta isa ba, sai an sa masa mai gadi.

Wannan mai gadi shi ne safaktan. Ƙwaya ce mai kai da wutsiya: kan yana son ruwa, wutsiyar tana son mai. Sai ta tsaya a kan iyaka, ta cusa wutsiya a mai, ta bar kai a ruwa, ta kewaye ɗigon. Sabulu shi ne mafi daɗewa a wannan dangi, kuma sabulun salo da ake dafawa da ruwan toka da mai yana cikinsu. A 1949 wani masanin sinadarai a Amurka, William Griffin, ya tsara ma'auni daga 0 zuwa 20 don gane ɓangaren da kowane safaktan ya fi karkata. Masu ƙaramar lamba sun dace da ruwa a cikin mai, masu babba sun dace da mai a cikin ruwa. Har yau masu haɗa man shafawa da wannan ma'auni suke fara aiki. Akwai kuma gadi irin na manyan ƙwayoyi, kamar furotin da ƙaro, waɗanda ke yi wa ɗigo kauri kamar bargo. Duk wanda ya taɓa haɗa tawadar allo ya ga irinsa: in babu ƙaro, baƙin zai kwanta a gindin kurtu, rubutun kuma ya goge da an taɓa shi.

BVO ɗin da aka hana ma ba safaktan ba ne, kuma a nan ne da yawa suka rikice. Man ɓawon lemo, wanda ke ba abin sha ƙamshi, ya fi ruwan sukari rashin nauyi sosai. BVO man tsiro ne da aka liƙa wa sinadarin buromin don ya yi nauyi, ana gauraya shi da man lemon har nauyinsu ya kusanci na ruwan. Tun 1970 FDA ta cire shi daga jerin abubuwan da aka amince ba su da illa, ta ƙayyade shi ga kashi 15 cikin miliyan. Gwajin da aka yi daga baya a kan ɓeraye ya nuna yana taɓa ƙwayar maƙogwaro mai sarrafa kuzarin jiki, wato tayrod. Manyan kamfanonin lemo sun riga sun fara barinsa tun wajen 2013 da 2014, suka koma ga wasu abubuwan ƙara nauyi, ciki har da wanda ake samu daga ƙaron itacen fayin. Mai gadin ɗigon kuwa, a yawancin irin wannan lemo, ƙaro ne ko sitacin da aka sarrafa.

Yadda maganar muhalli ta shigo

Bayan yaƙin duniya na biyu, garin wanki da aka yi daga man fetur ya maye gurbin sabulu a Turai da Amurka. A shekarun 1950 sai aka fara ganin kumfa tsibi-tsibi a kan koguna da wuraren tace ruwan ƙazanta. Dalili shi ne wutsiyar wancan safaktan tana da rassa, ƙwayoyin bakteriya ba sa iya cinye ta. A tsakiyar shekarun 1960 aka koma ga mai miƙaƙƙiyar wutsiya, wanda ake kira LAS, kuma shi ne har yau ginshiƙin garin wanki a duniya. Darasin farko ke nan: siffar ƙwaya ce ke yanke hukuncin ruɓewarta, domin tsohon da sabon duk daga fetur suke.

Daga baya wani dangin, nonilfenol etoksilet, ya jawo damuwa. Yana aiki ƙwarai a masaƙu da wuraren jima, amma in ya fara ruɓewa yakan bar wani saura da ke kwaikwayon sinadarin jinsin mace a jikin kifi. Tarayyar Turai ta taƙaita shi daga 2005. Dokarta ta kayan wanki ta 2004 kuma ta shimfiɗa sharaɗi mai lamba: a gwajin ɗakin bincike, dole aƙalla kashi 60 cikin 100 na safaktan ya ruɓe ƙurmus cikin kwana 28. A 2016 Tarayyar ta hana wani safaktan mai suna POEA a cikin maganin ciyawa na gilaifoset, bayan an ga cewa abin haɗin yana da nasa gubar daban da ta maganin. Sai kuma malalar mai ta Tekun Meziko a 2010, inda aka zuba kusan lita miliyan 7 na sinadarin tarwatsa mai. Masu goyon baya sun ce ya rage man da ya isa gaɓa. Masu suka sun ce ya nutsar da man ne zuwa inda kifi da ƙananan halittu suke. Har yau masana ba su gama wannan gardama ba.

Tambaya uku a cikin kalma ɗaya

Idan kwali ya ce abin da ke ciki "na halitta" ne ko "mai kare muhalli", tambayoyi uku ne aka dunƙule. Daga ina ya fito? Ina yake ƙarewa bayan ya bi kwata? Me yake yi wa jikin mai amfani da shi? Abu guda yana iya cin jarrabawa ɗaya ya faɗi biyu.

LAS daga fetur yake, amma yana ruɓewa da sauri in ya samu iska. A cikin laka ko lambatun da ya toshe, inda babu iska, yakan daɗe. Wannan yana da muhimmanci a garuruwanmu, domin gwajin kwana 28 an tsara shi ne da tunanin ƙasashen da ruwan wanki ke bi ta matata kafin ya shiga kogi. A Kano ko Maraɗi yawancinsa kwata yake bi, ya tsaya a kududdufi ko ya gangara fadamar da ake noman rani.

A ɗaya gefen akwai safaktan da ake haɗawa daga sukari da man kwakwa ko man ƙwallon kwakwar manja. Yana da laushi a fata, yana ruɓewa da kyau. Sai dai yawancin man daga Indunusiya da Malesiya yake zuwa, inda aka sare dazuzzuka masu yawa don dasa kwakwar manja. Wanda ya tsaya a bakin kogi zai ce an ci riba, wanda ya tsaya a bakin daji zai ce an tafka asara.

Fitowa daga tsiro ma ba ta nufin rashin guba. Aduwa tana ɗauke da saponin, sinadarin da ke sa ɓawonta da saiwarta yin kumfa, shi ya sa aka daɗe ana wanki da su a yankin Sahel. Wannan saponin ɗin yana kashe kifi da katantanwar ruwa. A 1964 wani masanin Habasha, Aklilu Lemma, ya lura da matattun katantanwa a ƙasan inda mata ke wanki da 'ya'yan wani tsiro mai suna endod, daga nan aka fara binciken amfani da shi wajen yaƙar tsargiya. Abin da yake alheri a wurin yaƙi da cuta, masifa ne a wurin masunci. Bambancin yana ga yawan abin da aka zuba da kuma inda aka zuba shi.

Waɗanda ke neman gurbin

Lesitin, mai lamba E322 a jerin lambobin da Turai ke ba sinadaran abinci, shi ne wanda aka fi sabawa da shi. A ƙwaiduwa aka fara gano shi, yanzu daga waken suya da irin furen rana ake tatso shi, yana cikin cakulan da bota. Yana da arha, amma shi kaɗai ba ya riƙe mai a cikin ruwa mai tsami na dogon lokaci.

Saponin na itacen kilaja, E999, daga ƙasar Chile yake zuwa. Kaɗan daga cikinsa yana yin aikin da sai an zuba ƙaro mai yawa, kuma yana ba da ɗigo ƙanana. Matsalarsa ita ce itacen ba shi da yawa, yana ɗaukar shekaru kafin ya girma, ga kuma masu magani suna nemansa. Allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta R21, wadda aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, tana ɗauke da sinadarin ƙara ƙarfi daga ɓawon wannan itace.

Sai waɗanda ƙananan halittu ke samarwa in an ciyar da su sukari a manyan tankuna, kamar ramnolifid daga bakteriya da soforolifid daga yis. A 2024 kamfanin Evonik na Jamus ya buɗe masana'antar ramnolifid a Slovakiya. Suna ruɓewa sarai, ba sa buƙatar fetur ko manja. Tsadarsu ce ta hana su yaɗuwa, domin raba su da ruwan tankin aiki ne mai cin kuɗi, kuma sukarin da suke ci ma daga gona yake fitowa.

Ƙaro, E414, shi ne wanda ya shafe mu kai-tsaye. Mafi daraja daga ɗakwara yake fitowa, wadda 'yan Sudan ke kira hashab. Bayan damina ta ɗauke, ganye ya fara zuba, mai ɗiba yakan ɗaye ɗan ɓawo a reshe ya tafi. Bayan mako huɗu zuwa shida ya dawo ya tarar da dunƙule-dunƙule masu ruwan zuma sun bushe a bakin tsagar, ya ɓanɓare su da hannu a tsakanin ƙaya. Bishiya guda 'yan ɗaruruwan giram take bayarwa a shekara. Sirrin ƙaro yana cikin ɗan furotin da bai wuce kashi biyu zuwa uku cikin 100 ba, wanda ke maƙale da manyan sarƙoƙin sukari. Furotin ɗin yana kama mai, sarƙoƙin suna bazuwa a ruwa su zama katanga. Da yake ɓangaren mai aikin kaɗan ne, sai an zuba ƙaro da yawa, sau da dama kusan daidai da nauyin man. A madadin haka ba ya tsoron tsami, ba ya canza ɗanɗano, kuma gaurayen yana jure tsarmawa da ruwa mai yawa. Wannan haɗuwar halaye ce ta sa da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, aka nemo wa ƙaro hanyar wucewa.

Ta fuskar muhalli, da wuya a samu wanda ya kai shi. Ba a sare bishiyar, ba a ba ta ruwa ko taki, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake ke yi, tana riƙe rairayi. Rauninsa shi ne wurin da yake fitowa. Rahoton hukumar kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, na 2018 ya nuna cewa daga 2014 zuwa 2016 Sudan ce ke da kusan kashi 66 cikin 100 na ɗanyen ƙaron da aka fitar a duniya, Chadi kashi 13, Najeriya kimanin kashi 8 da rabi. Tacewa da busarwa zuwa gari, inda ribar take, yawanci a Turai ake yi, musamman Faransa. Yankunan Kordofan da Darfur, cibiyar nomansa, su ne yaƙi ya fi ɗaiɗaitawa, kuma rahotanni sun nuna ana fasa-ƙwaurinsa ta iyakokin maƙwabta.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu masana'anta suna cewa abin da aka haɗa a ɗakin bincike halinsa ɗaya ne kullum, farashinsa sananne, an shafe shekaru ana gwada shi. Na tsiro kuwa yakan bambanta daga damina zuwa damina, kuma gaurayen da ya lalace a hanya shi ma asara ce ga muhalli. Masu fafutukar muhalli suna amsawa da cewa arhar ta samu ne saboda ba a sa kuɗin gyaran kogi a lissafi ba, kuma tarihin kumfar shekarun 1950 da na nonilfenol ya nuna illa takan bayyana ne bayan an daɗe ana amfani da abu. Kowanne yana da hujja a hannunsa.

Ɓangaren lafiya ya fi sarƙaƙiya. A 2015 wani bincike da aka buga a mujallar Nature ya nuna cewa sinadarai biyu, folisobet 80 da wani nau'in selulos da aka sarrafa, sun dagula ƙwayoyin hanjin ɓeraye, sun jawo kumburi. Binciken Faransa na 2024 ya bi mutum sama da 100,000 na tsawon shekaru, ya ga waɗanda suka fi cin wasu daga cikin irin waɗannan sinadarai sun ɗan fi kamuwa da ciwon suga. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da sanadi. Mai yawan cin ƙaro a Faransa shi ne mai yawan shan lemo da alewa, kuma raba tasirin ƙaro da na sauran abin da ke cikin kwalbar abu ne mai wuya, ko da masu binciken sun yi ƙoƙarin cire shi a lissafi. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta sake nazarin ƙaro a 2017, ba ta ga abin damuwa ba, ba ta ma sa masa iyakar ci a rana ba. A gwargwadon abin da aka tabbatar, sukarin da ke cikin lemo ya fi mai gadin ɗigonsa zama abin lura.

Abin da zai shafi talaka

Manomin da ya zuba murfi biyu na maganin ƙwari a tankin goyo ya ga ruwan ya koma fari kamar madara, imalshan ya haɗa. Haruffan EC da ke jikin galan suna nufin maganin yana narke ne a cikin wani mai, tare da safaktan. Wannan haɗi yana taimaka wa magani ya manne a ganye, haka kuma yana taimaka masa ya ratsa fata. Nan ne dalilin safar hannu, da dalilin kada a wanke tanki a bakin rafi. Dokar da ta hana wani abin haɗi a Turai ba ta bin galan zuwa kasuwar ƙauye.

Matan da suka koyi haɗa sabulun ruwa a gida suna aiki da salfonik da tekzafon, wato LAS da ɗan'uwansa. Ba za su iya komawa ga ramnolifid ba a farashin yau, kuma babu dokar da ta tilasta musu. Abin da ke hannunsu shi ne awo. Yawan kumfa ba shi ne yawan tsafta ba, abin da aka zuba fiye da kima kuwa kuɗi ne ya bi kwata. Wadda ke son fitar da man kaɗe da aka sarrafa zuwa waje kuma za ta tarar masu saye suna tambayar abin da ta haɗa man da ruwa da shi, da takardar asalinsa.

Ga masu ɗibar ƙaro a Borno, Yobe, Jigawa da Diffa, ƙarancin na Sudan dama ce, amma mai sharaɗi. Masu saye suna biyan ƙaron ɗakwara zalla, busasshe, marar yashi da ɓawo. Gauraya shi da na wasu itatuwa don buhu ya yi nauyi yana mayar da shi mataki na ƙasa. Akwai tashar binciken ƙaro a Gashuwa, sai dai sabuwar bishiya tana buƙatar shekara huɗu zuwa biyar kafin a fara tsaga ta, kuma rashin tsaro ya hana shiga dazuzzuka da dama a yankin Tafkin Chadi. Lokaci ma yana da nasa tasiri. A lokacin farin da aka yi a shekarun 1970 da na 1980, da ƙaro ya yi wuya, kamfanoni da yawa sun koma ga sitacin masara da aka sarrafa, wanda yanzu ke da lamba E1450, kuma wasunsu ba su dawo ba ko da ruwa ya sauka. Sauya haɗin lemo yana cin watanni na gwaji da kuɗi mai yawa, saboda haka kamfanin da ya yi shi sau ɗaya ba ya gaggawar sake yi.